Ludwig Koch, Mafaraucin Kukan Tsuntsaye

Kowa ya san mafarauci da kwari da baka ko bindiga. To, ga labarin wani mafarauci wanda bai taɓa komowa gida da nama ba. Abin da yake farauta shi ne kukan tsuntsaye, ya kama shi ya sa a faifai. Sunansa Ludwig Koch.

An haife shi a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ran 13 ga Nuwamba, 1881. Iyayensa Yahudawa ne masu son kiɗa da waƙa. A shekara ta 1889, yana da shekara takwas, ubansa ya kawo masa wani akwatin ɗaukar magana irin wanda Edison ya ƙago, watau kakan garmaho. A kan kaki yake ɗaukar murya. Yaron nan sai ya kai shi gaban kejin wani tsuntsun ƙasar Indiya da ake kira shama, ya ɗauki kukansa. Wannan shi ne kukan tsuntsu mafi daɗewa da aka sani an ɗauka a duniya.

Da ya girma ya koyi goge irin na Turawa, kana ya zama mawaƙi. Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka fara a 1914, shi ya tsinke masa wannan sana'a. A 1928 wani kamfanin yin faifan garmaho ya ɗauke shi aiki. Nan ne ya fito da dabarar haɗa littafi da faifai. Mutum ya karanta labarin tsuntsu, ya ga hotonsa, sa'an nan ya ɗora faifai ya ji kukansa. Da ma sai dai marubuci ya kwatanta kukan da baƙaƙe, mai karatu ya yi ta laluben yadda yake.

Ana nan sai Hitler ya hau mulki a 1933, zama ya ƙi daɗi ga Yahudawa. A 1936 Koch ya bar gidansa da aikinsa ya gudu Ingila. Shekarunsa 54, hannunsa kusan babu kome, Turancinsa ma sai a hankali. Wani ne da sai ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Amma wani masanin halittu, Julian Huxley, ya haɗa shi da mai buga littattafai. Kafin shekarar ta fita, shi da E. M. Nicholson sun fid da littafi mai faifai na kukan tsuntsayen Ingila. Na biyu ya fito a 1937, na muryoyin dabbobi kuwa a 1938.

Kada mai karatu ya zaci aikin nan wasa ne. A lokacin ba rikoda ta ratayawa. Sai an cika mota da kayan aiki, a tsai da ita nesa, a ja waya mai tsawo zuwa gindin itacen da tsuntsu ya saba sauka, a ɓoye abin ɗaukar murya a can. Faifan na kaki ne, tilas a riƙa ɗumama shi, in ya yi sanyi allura ba ta yanka shi sosai. Kuma minti kaɗan yake ɗauka ya cika. Sau da yawa an kwana ana jira, da asuba tsuntsu ya ƙi kuka, ko ya yi bayan faifai ya ƙare, ko iska ta taso ta ɓata kome. Gobe a sake. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya fara magana a rediyon BBC. Manya da yara suka saba da muryarsa mai karin harshen Jamus. Yakan sa kukan tsuntsu, ya faɗi sunansa, ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya same shi. BBC ta karɓi tarin faifansa, shi ne ya zama harsashin taskarta ta muryoyin halittu. Ya bar aiki a 1951, duk da haka yana da shekara 71 ya tafi tsibirin Iceland neman kukan tsuntsayen can. Ya rasu a Harrow, gefen Landan, ran 4 ga Mayu, 1974.

Tun yana da rai wasu makaɗa suka fara yin kiɗa da muryar fili kanta. A 1970 an fid da faifan wani Bafaranshe, Luc Ferrari, wanda babu ganga ko goge a cikinsa, sai motsin wayewar gari a wani ƙauyen masunta: injin jirgin ruwa, muryoyin mutane, kukan ƙwari.

Darasin Koch ga mai koyar da yara a fili yake. Mun saba ce musu su duba, ba mu cika ce musu su saurara ba. Malami ya fita da ajinsa da sassafe, kowa ya yi shiru minti biyar, kana ya tambaye su muryoyi nawa suka ji, kuma na wane ne. Wannan ba ya bukatar mota ko waya ko faifai, kunne da haƙuri sun isa.