Henry George: Ɗan jaridar da ya ce a ɗora haraji kan fili, a ƙyale gini

A watan Janairun 1865, wani matashi mai aikin ɗab'i a birnin San Francisco na Amurka ya tare wani mutum da bai sani ba a kan titi, ya roƙe shi dala biyar. Matarsa ta haihu, kuma babu abin sawa a baki a gidan. Mutumin ya ba shi.

Matashin shi ne Henry George, wanda daga baya ya rubuta littafin da ya shafi dokokin filaye a ƙasashe da dama, har da Arewacin Najeriya.

An haife shi ranar 2 ga Satumban 1839 a Philadelphia. Bai yi nisa a boko ba. Yana ɗan shekara 15 ya kama aiki a jirgin ruwan da ya kai shi Ostireliya da Indiya. Da ya dawo ya koyi haɗa haruffa a maɗaba'a, a 1858 kuma ya nufi Kalifoniya. Can ya auri Annie Fox a 1861, sanye da kayan aro.

Abin da ya gani a Kalifoniya

A lokacin ana shimfiɗa layin dogon da zai haɗa gabashin Amurka da yammacinta, kowa na murna arziki ya zo. George, wanda ya riga ya koma aikin jarida, ya rubuta a 1868 cewa jirgin zai azurta 'yan tsiraru masu filaye, sauran jama'a kuma su ƙara shan wuya.

Wata rana yana kan doki a bayan garin Oakland, sai ya tambayi wani mai keken kaya farashin fili a wurin. Mutumin ya nuna masa can nesa inda shanu ke kiwo, ya ce akwai mai sayar da eka ɗaya dala dubu. Daji ne, ba gini ba shuka. Abin da ya ɗaga farashin kawai shi ne ana sa ran mutane za su zo.

Kan wannan ya gina littafinsa na 1879, Progress and Poverty, wato Ci Gaba da Talauci. Da farko kamfanonin ɗab'i sun ƙi karɓa, sai da shi da abokansa suka haɗa haruffan, aka buga kwafi 500. Daga baya an sayar da miliyoyi.

Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta. Mutum ya sayi fili a bayan gari, ya katange shi, ya tafi abinsa. Gwamnati ta kawo titi da ruwa, makwabta suka gina gidaje, kasuwa ta kafu. Bayan shekara goma filin ya ninka kuɗinsa, alhali mai shi bai ɗora ko bulo ɗaya ba. A ganin George wannan ƙarin na jama'a ne, domin su suka samar da shi.

Bai ce gwamnati ta ƙwace filin kowa ba, kuma nan ne ake yawan yi masa gurguwar fahimta. Cewa ya yi a bar wa kowa takardarsa, amma a karɓi haraji daidai da darajar filin kansa, a cire haraji daga gini da albashi da kayan sana'a. Ta haka wanda ya yi gini ba za a ci shi tara ba, wanda ya ajiye kango a tsakiyar gari yana jiran farashi kuma dole ya gina ko ya sayar.

Yana da nasa tabon. A 1869 ya yi rubutu mai zafi yana adawa da shigowar ma'aikata 'yan China Amurka, abin da bai dace da mai iƙirarin kare talaka ba.

Siyasa da rasuwarsa

Ya koma New York a 1880. Ya je Ireland a matsayin wakilin jarida lokacin da manoma 'yan haya ke rikici da masu gonaki, inda 'yan sanda suka kama shi sau biyu a 1882. A 1886 ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da shi takarar magajin garin New York. Ya zo na biyu da ƙuri'a kusan 68,000, ya sha gaban Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

A ƙarshen 1890 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Duk da gargaɗin likitoci ya sake tsayawa a 1897, ya rasu ranar 29 ga Oktoba, saura kwana huɗu zaɓe. An ƙiyasta mutum dubu ɗari ne suka je ban kwana da gawarsa.

Kowace ƙasa da abin da ta ɗauka

Babu ƙasar da ta soke sauran haraji kamar yadda ya so. Raba kuɗin fili da na ginin da ke kansa aiki ne mai wahala, kuma masu manyan filaye ba sa rasa murya a majalisa.

Birtaniya ta gwada a kasafin kuɗin 1909. Majalisar masu sarauta ta yi watsi da shi, rikicin ya kai ga rage mata iko a 1911, amma zuwa 1920 an soke harajin filin. Jamusawa sun sa harajin kashi 6 cikin 100 na darajar fili a Qingdao, yankin China da suka riƙe daga 1898. Birnin Pittsburgh na Amurka ya fara aiki da dokar 1913 mai sa wa fili haraji fiye da gini, ya ci gaba da haka har 2001. Sun Yat-sen, jagoran juyin juya halin China, ya rungumi ra'ayin, kuma har yau Taiwan na karɓar haraji kan ƙarin darajar fili.

Na Arewacin Najeriya ya bi wata hanya dabam. Percy Girouard, gwamnan yankin daga 1907 zuwa 1909, ya karkata ga ra'ayin George. A kwamitin filayen Arewa da ya zauna a Landan a 1908 akwai Josiah Wedgwood, ɗan majalisar Birtaniya kuma sanannen mabiyin George, da Charles Temple, jami'in mulkin mallaka a Arewa. Sakamakon shi ne dokar 1910, wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, da sunan riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa.

Wato an ɗauki abin da George bai nema ba, ikon gwamnati kan filin kansa. Harajin da ya dage a kai kuwa bai kafu ba, musamman da Lugard ya dawo a 1912 ba tare da sha'awar tsarin ba.

Dokar 1910 ce aka sabunta a 1916, aka sake fasalinta a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta faɗaɗa tsarin ga ƙasar baki ɗaya, ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Shi ya sa mai riƙe da takardar C of O a Kano ko Legas izinin zama da amfani yake da shi, galibi na shekara 99, kuma sai da amincewar gwamna zai sayar ko ya jinginar.