Zelda Fitzgerald: matar da ta shiga ajin rawar bale tana da shekara 27

Masu bibiyar finafinan Holiwud da yawa sun kalli The Great Gatsby na 2013, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki. Labarin daga littafin marubucin nan na Amurka, F. Scott Fitzgerald, aka ɗauko shi. To yau labarin matarsa Zelda za mu kawo muku, wadda ta yi abin da mutane da yawa a lokacin suka ɗauka wauta ce: da aurenta, da 'yarta, ta ce sai ta zama ƙwararriyar 'yar rawar bale.

An haifi Zelda Sayre ranar 24 ga Yuli, 1900, a garin Montgomery da ke jihar Alabama. Ita ce autar gidansu, babanta kuma alƙali ne a kotun ƙoli ta jihar. Tun tana ƙarama aka san ta da rawar kai da rashin tsoro. Ta ɗan koyi bale a ƙuruciya, amma da ta zama budurwa sai ta ajiye, hankalinta ya koma kan biki da samari. A wajen wata rawa a 1918 ta haɗu da Scott, lokacin yana soja a wani sansani kusa da garinsu. Littafinsa na farko, This Side of Paradise, ya fito a Maris 1920, ranar 3 ga Afrilu kuma aka ɗaura musu aure a birnin New York. A 1921 suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Frances, wadda ake kira Scottie.

Nan da nan suka zama kamar jaruman fim, jaridu na bin su duk inda suka shiga. Kuɗi na shigowa, suna watsarwa wajen liyafa da giya. A 1924 suka koma Faransa. Amma duk wannan ɗaukaka ta miji ce. Scott kan ɗebi maganganun Zelda, da abin da ta rubuta a wasiƙunta da littafin sirrinta, ya zuba a cikin littattafansa. Ita kuwa dai sunanta matar Fitzgerald.

A 1927 suka je Holiwud, inda Scott ya shaƙu da wata matashiyar 'yar fim mai suna Lois Moran, yana yaba ta saboda tana da sana'ar kanta. Abin ya yi wa Zelda ciwo ƙwarai. A shekarar suka kama gida kusa da Wilmington a jihar Delaware, sai ta fara zuwa Philadelphia ɗaukar darasin bale wajen Catherine Littlefield. Shekarunta 27.

Sai kun san yadda rawar take kafin ku gane girman abin da ta ɗauko. Masu son zama ƙwararru a bale yawanci tun suna yara 'yan ƙasa da shekara goma ake fara horar da su. Dole ƙafafu su riƙa juyawa waje tun daga ƙugu, bayan mutum ya miƙe sak, mata kuma su iya tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa cikin wani takalmi mai taurin baki. Kullum darasi yana farawa ne a jikin wata sanda da aka kafa a bango, gaban madubi, ana maimaita motsi ɗaya har sai jiki ya haddace. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekara 27, wasu 'yan rawar ma sun kai ƙololuwar tashensu.

Zelda ba ta saurari masu cewa ta makara ba. Ta sa aka kafa mata babban madubi da sanda a gida, tana atisaye safe da yamma. A 1928 da suka koma Faris, ta shiga makarantar Lubov Egorova, tsohuwar tauraruwar gidan rawa na Mariinsky a Rasha, wadda ta yi aiki da ƙungiyar Ballets Russes ta Sergei Diaghilev. A nan ne abin ya zame mata kamar numfashi. Takan yi wajen awa takwas a rana tana atisaye, ta rame, ƙafafunta duk ciwo. Don kada ta riƙa roƙon miji kuɗin makaranta, sai ta shiga rubuta gajerun labarai ana bugawa a mujallar College Humor. Abin takaicin, yawancinsu da sunan su biyu aka buga, saboda sunan Scott ya fi kawo kuɗi. Akwai ma wanda aka buga a 1930 da sunansa shi kaɗai.

Shi Scott bai ɗauki rawar da muhimmanci ba, gani yake ɓata lokaci ne. Ga shi shan giyarsa na ƙaruwa, gida kullum rigima.

Amma fa ƙoƙarin nata bai tashi a banza ba. A Satumba 1929 aka aiko mata da gayyata daga gidan wasan San Carlo da ke birnin Naples a Italiya, ta zo ta shiga ƙungiyar rawarsu, har da ba ta damar yin rawa ita kaɗai a wasan Aida. Wato shekara biyu kacal da komawarta aji, ƙwararru sun ga ta isa a ɗora ta a dandamali. Zelda ba ta je ba. Ta zauna a Faris ta ci gaba da zuwa wajen Egorova.

A Afrilu 1930 jiki da ƙwaƙwalwa suka gaza. Aka kwantar da ita a wani asibiti kusa da Faris, daga baya aka kai ta Suwizalan, asibitin Prangins da ke bakin tafkin Geneva, inda ta zauna har Satumba 1931. Likitoci suka ce tana da ciwon taɓin ƙwaƙwalwa mai tsanani. Tana can aka rubuta wa Egorova ana tambayar ta gaskiyar matsayin ɗalibarta. Amsar malamar ita ce, Zelda ta makara da yawa da za ta zama tauraruwa ta sahun farko, amma za ta iya zama 'yar rawa mai kyau, ta samu matsayi a ƙungiya. Ita Zelda sahun farko take so. Daga nan burin zama ƙwararriya ya ƙare.

Abin da rawar ta bar mata sai ya koma takarda. A 1932, tana kwance a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ta rubuta littafi cikin kusan mako shida, Save Me the Waltz, labarin wata mata 'yar kudancin Amurka da ta shiga bale da girmanta. Scott ya fusata, don yana ganin rayuwar aurensu kayan aikinsa ce, shi ma da ita yake gina littafinsa Tender Is the Night. Ya sa aka yi wa nata gyare-gyare kafin ya fito. Kwafi 1,392 kawai aka sayar, abin da ya shigo hannunta bai wuce dala 120 da 'yan kai ba. Ta kuma yi zane-zane, da yawansu na 'yan rawa masu manyan ƙafafu da jijiyoyi a miƙe, har aka baje kolinsu a New York a 1934.

Daga 1936 rayuwarta ta koma tsakanin asibitin Highland da ke Asheville da gidan mahaifiyarta a Montgomery. Scott ya mutu a Holiwud cikin Disamba 1940. Daren 10 ga Maris, 1948, gobara ta tashi a asibitin, mata tara suka mutu, har da Zelda. Shekarunta 47.

Sunanta ya sake tashi bayan Nancy Milford ta fitar da tarihinta a 1970. Alison Pill ta fito a matsayinta a fim ɗin Midnight in Paris na 2011, Christina Ricci kuma a shiri mai dogon zango Z: The Beginning of Everything. Ko wasan gem ɗin nan na Nintendo, The Legend of Zelda, daga sunanta aka samo nasa.

Har yau ana muhawara, rawar ce ta karya ta, ko kuwa ita ce abu ɗaya da ya riƙe ta a gidan da ba a ganin ƙoƙarinta? Ku me kuka gani, da ta amsa gayyatar Naples, labarin zai canza? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa.