Mayaƙi ɗan Yakubu: Sarkin da ya sake kafa Gobir a Tsibiri

Lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, mutane da yawa sun ɗauka cewa labarin Gobir ya ƙare. Kufan birnin yana nan har yau a ƙasar Sabon Birni. Sai dai sarautar ba ta mutu tare da ganuwarta ba, kuma cikin waɗanda suka raya ta babu kamar Mayaƙi, ɗan Sarkin Gobir Yakubu.

Mayaƙi ya yi ƙuruciyarsa a zamanin da Gobir ke cin kasuwarta a kwarin Rima, girma kuwa ya riske shi cikin gudun hijira. Ɗan'uwansa, Sarki Ali, ya yi ƙoƙarin ƙwato ƙasar da takobi. Ya haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, amma a 1836 Sarkin Musulmi Bello ya murƙushe su a Gawakuke. Ali da Sarkin Katsina Rauda duk sun kwanta dama a fagen.

Daga wannan masifa Mayaƙi ya ɗauki darasi. Ya gane cewa muddin Gobirawa na zaune a bakin ribaɗoɗin Sakkwato, ba za su taɓa miƙe ƙafa ba. Saboda haka ya ja jama'arsa zuwa gulbin Maraɗi, ya kafa Tsibiri dab da birnin Katsinawan da su ma jihadi ya raba da gidansu. Garuruwan biyu suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya: wanda ya taɓa ɗaya, ya tsokano ɗayan.

Dabarar ta yi aiki. A 1842 Sarkin Musulmi Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi, bai ci garin ba, ya rasu a Katuru a hanyar komawa. Magajinsa Aliyu Babba ya sha fama da hare-haren Gobirawa. Talakawan kan iyaka ne suka ɗanɗana kuɗar wannan gaba, domin kowane ɓangare na ƙone ƙauyuka yana kama bayi.

Mayaƙi ya rasu wajen ƙarshen shekarun 1850 ba tare da ya koma Alƙalawa ba. Bayansa rikicin gado ya raba gidan, Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni kusa da tsohuwar ƙasar kakanni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka zauna a Nijeriya.

Ƙasar da ya yi fatan dawowa da ita ba ta sake haɗuwa ba. Amma har gobe ana naɗa Sarkin Gobir a garin da ya kafa.