Ibrahim Imam: Ɗan Yerwa da Tibi suka zaɓa ya wakilce su a Kaduna

A zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Arewa na shekarar 1961, mazaɓar Jemgbar da ke kusa da Gboko a ƙasar Tibi ta aika wani Babarbare Musulmi zuwa zauren Lugard Hall na Kaduna. Ba a can aka haife shi ba, ba ya da dangi a can, kuma garinsu yana can gabas mai nisa. Sunansa Alhaji Ibrahim Imam.

An haife shi a Yerwa, wato Maiduguri, a 1916, a gidan manya. Ya yi Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye yawancin shugabannin Arewa na farko, sannan ya kama aiki da En'e ta Borno a sashen ayyuka, har ya zama mai kula da sashen. Wannan aiki ya nuna masa abin da 'yan siyasa da yawa ba su sani ba: nawa ake kashewa kafin a haƙa rijiya ko a gyara hanya, da kuma inda kuɗin haraji da jangali ke maƙalewa kafin su isa ga talaka.

Ya shiga majalisa a 1951 a ƙarƙashin NPC, ya kuma zama babban sakataren jam'iyyar. A Legas, lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1953, Imam na cikin wakilan Arewa da suka tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, lamarin da ya jawo musu ihu a titunan birnin. Da ya yi haƙuri, kujerar minista ba ta yi masa nisa ba. Amma a 1954 sai ya ajiye muƙaminsa ya bar jam'iyyar, saboda yana ganin ba ta da niyyar gyara tsarin En'e da rage ƙarfin sarakuna da hakimai.

Ya koma gida ya zama jigon ƙungiyar matasan Borno, BYM, wadda ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. A zaɓen 1956, wanda a cikinsa aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a wasu mazaɓun birane, maza kaɗai, BYM ta ci kujeru biyu, ɗaya ta Imam ce a Yerwa. A lissafi kujera biyu ba komai ba ce cikin 131. Amma a fadar Shehu, inda En'e ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari, kuma ita ke ba da izinin taron siyasa, abin ya girgiza masu mulki. Imam ya zama madugun 'yan adawa a majalisa.

A nan ne ake iya ganin iyakar ɗan adawa a wancan zamani. Bai gina makarantar da za a nuna a ce tasa ce ba, bai shimfiɗa titi ba, domin kasafin kuɗi na hannun gwamnatin Sardauna a Kaduna da baitulmalin En'e a Yerwa, inda Shettima Kashim Ibrahim, ginshiƙin NPC, yake Waziri. Babban aikin da Borno ta samu a shekarun nan, layin dogo da aka ja daga Kuru kusa da Jos ya isa Maiduguri a 1964, na gwamnatin tarayya ne da rancen Bankin Duniya, kuma masu mulki ne suka kwashi yabonsa. Abin da ya rage wa Imam shi ne baki: tambayar yadda aka kashe kuɗi, da tona asirin zaluncin masu karɓar haraji. Mai auna wakili da yawan gine-gine zai ce bai yi komai ba, sai dai wannan ma'auni bai yi wa wanda aka rufe wa baitulmali adalci ba.

A 1958 ya raba gari da NEPU ya haɗa kai da Action Group ta Cif Obafemi Awolowo. Wannan mataki ya ba abokan hamayyarsa makami, suka riƙa nuna shi a matsayin ɗan koren Kudu. Rikici ya ɓarke a Maiduguri, aka tarwatsa magoya bayan BYM, zaman Borno ya gagare shi.

Joseph Tarka, shugaban UMBC kuma abokin ƙawancen Action Group, shi ya buɗe masa ƙofa a yankinsa. Tibi ba su daɗe da fita daga tarzomar 1960 ba, wadda ta samo asali daga fushinsu da En'e da matsin NPC, don haka sun gane irin yaƙin da baƙon nasu yake yi. Suka ba shi ƙuri'a a shekarar da NPC ta share kusan duk kujerun majalisa, ya koma Kaduna ya ci gaba da jagorancin 'yan adawar da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya rufe majalisar. A 1976 aka ƙirƙiro jihohin Borno da Binuwai, aka kuma rushe tsarin En'e aka maye gurbinsa da ƙananan hukumomi, Imam yana raye ya gani. Ya rasu a 1980.