Abubakar Imam, Mai Rubutu Don Kunne

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a makarantar Midil ta garin. Sunansa ya fara fitowa ne da Ruwan Bagaja, wanda ya shigar a gasar ƙaga labarai ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Rupert East.

East bai sake shi ba. A 1936 ya sa aka aro shi zuwa Zariya, ya jibge masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ciki har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Cikin kamar wata shida Imam ya kammala Magana Jari Ce, littafi uku. Masu cewa fassara kawai ya yi ba su yi masa adalci ba. Sai da ya tuɓe wa kowane labari rigar ƙasarsu, ya zaunar da shi a fada ko kasuwa ko zauren alƙali, ya ba mutanensa suna da kirari da karin magana, har baƙo ya saje da ƴan gida.

Ɗalibin harshe ya dubi ginin littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuwa ba shi da abin da zai tsare Musa ɗan sarki a gida sai labari. In labari ya yi sanyi, yaro ya fita ya faɗa tarko. Wato tun asali mai sauraron saurayi ne mai gajen haƙuri. Shi ya sa jimlolin suke tafiya da numfashin mai magana, ga amsa-kama, ga raha daidai inda hankali zai gushe. Da aka fara naɗar karatun littafin ana sakawa a intanet, sai ya zauna wa murya daram. Matashin Dogarawa ko Ƙonni da ya yi makarantar Faransanci, wanda karanta Hausar boko ke yi wa nauyi, yana iya bin aku ta wayarsa ba tare da an sassauta masa jimla ko ɗaya ba.

A 1939 Imam ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ziyararsa Ingila a 1943 ita ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa.