Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Shugaba Mai Hidima

Cikin bayin Allah da suka kawo bishara ƙasarmu, Bishop Samuel Ajayi Crowther yana sahun gaba. Mun zaɓi labarinsa domin mujallarmu ta bana saboda yana nuna mana irin shugabancin da Ubangijinmu Yesu ya koyar lokacin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda muke karantawa cikin Yohanna sura 13.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A 1821 masu kamen bayi suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa. Ba da daɗewa ba aka raba su. Aka yi musayarsa da doki, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun fataken Fotugal, suka sa shi cikin jirgin bayi a Legas. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare jirgin, suka kai mutanen da ke ciki Freetown, ƙasar Saliyo, aka 'yanta su.

A can ne ya shiga makarantar mishan ta C.M.S. Aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko cikin littafin ɗalibai. Ya zama malamin makaranta, ya auri Susan, wadda ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

A 1841 ya bi ayarin da gwamnatin Ingila ta aika Kogin Kwara, tare da Rabaran J. F. Schön, wanda ya yi aiki mai yawa a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa cikin tafiyar, sai C.M.S. ta gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin ƙasarsu. Aka naɗa Crowther fasto a Landan a 1843. Da ya isa Abeokuta a 1846, Allah cikin jinƙansa ya haɗa shi da mahaifiyarsa bayan shekara 25 da rabuwa. An yi mata baftisma a 1848, aka sa mata suna Hannatu.

A 1857 ya koma Kwara domin kafa mishan, aka soma aiki a Anacha. Jirgin da ya kai su, mai suna Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, suka daɗe a wurin suna jiran wani. Crowther bai zauna yana gunaguni ba. Ya shiga cikin Nufawa yana koyon harshensu, abin da ya kai shi ga buga littafin nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. Shi ne kuma ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, wanda aka kammala a 1884.

Sakataren C.M.S., Henry Venn, ya daɗe yana so ikilisiyar Afirka ta sami shugabanninta, sai ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther ya yi ta ja da baya, yana ganin akwai waɗanda suka fi shi cancanta, kuma ya san wasu Turawan mishan ba za su yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Daga bisani ya yi biyayya. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin bishop cikin ikilisiyar Angilika.

Girman bai canja halinsa ba. Yakan hau kogi ya ziyarci tashoshin mishan daga Bonny har Lakwaja, yana duba makarantu, yana ƙarfafa malamai. Yana girmama sarakuna da malaman Musulunci. Ya sha zuwa Bida gaida Etsu Masaba, kuma ba ya zagin addinin kowa. Idan aka yi masa tambaya a fada, sai ya buɗe Littafi ya amsa cikin ladabi. Saboda amanar da aka gani a wurinsa, Etsu Maliki ya aika masa da saƙo yana neman ya taimaka a hana fataken Turawa shigo da barasa ƙasar Nufe.

Gwaji mafi zafi ya same shi cikin tsufansa. Wasu samarin Turawan mishan, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, suka iso da ƙwazo mai yawa da ƙarancin haƙuri. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka yi laifi a wasu tashoshi, kuma tsohon ya fi son gyara mutum da korarsa. Amma samarin suka yi wa kusan dukan ma'aikata baƙar fata kuɗin goro. A taron kwamiti da aka yi a Anacha cikin Agusta 1890, suka dakatar da fastocin da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Mutumin da ya ba shekara 80 baya, wanda ya soma aikin tun ba a haife su ba, shi aka ƙasƙantar haka.

Me ya yi? Ya sauka daga kwamitin, ya rubuta wa shugabannin C.M.S. ya bayyana matsayinsa a fili ba tare da zagi ba. Bai yi shiru a kan rashin adalci ba, kuma bai rama ba, bai fita daga ikilisiya ba. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na shekarar. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014, wurin sujadar cikar shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya nemi gafara a bainar jama'a saboda abin da aka yi masa.

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, sun kuma ce babba juji ne. Crowther ya ɗauki sharar da aka zuba masa, amma aikinsa bai mutu ba. Ikilisiyoyin da ya dasa a bakin Kwara suna nan, Littafin da ya juya har yau ana karanta shi.

Ku ɗalibanmu da aka ba shugabanci a aji ko a ɗakin kwana, da ku da kuke barin makaranta bana, ku tambayi kanku: ƙananan da ke hannunku, tsoronku suke ji, ko taimakonku suke samu? Mu malamai da dattawan ikilisiya ma tambayar ta hau kanmu. Markus 10:45 ya tuna mana cewa Almasihu kansa ya zo domin ya yi wa mutane hidima, har ya ba da ransa dominsu. Duk wanda ke neman girma a cikinmu, sai ya fara da ɗaukar tsintsiya.

Allah ya ba mu zuciya mai tawali'u irin ta bawansa Samuel Ajayi Crowther. Amin.