Grace Hopper

Grace Brewster Murray Hopper (9 ga Disamba, 1906 – 1 ga Janairu, 1992) masaniyar lissafi ce 'yar ƙasar Amurka, kuma hafsa a rundunar sojojin ruwa. Tana cikin mutanen farko da suka rubuta wa kwamfuta manhaja.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin New York. Ta kammala digirin farko a Kwalejin Vassar a 1928, sannan ta samu digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934. Ta koyar a Vassar har 1943, lokacin da ta shiga aikin soja ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Ƙwaro a cikin kwamfuta

A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, inda ta yi aiki a ƙarƙashin Howard Aiken a kan kwamfutar Mark I. Kwamfutocin wancan zamani da dubban makunnan lantarki masu buɗewa da rufewa suke aiki. Idan lissafi ya fito ba daidai ba, sai an bi diddigi a gano ko umarnin da aka rubuta ne da kuskure, ko kuwa wani ƙarfe ne ya maƙale.

Ranar 9 ga Satumba, 1947, masu kula da kwamfutar Mark II suka tarar da wani ƙwaro, irin mai bin hasken fitila da dare, ya maƙale a makunni mai lamba 70. Suka ciro shi, suka manna shi a littafin da ake rubuta aikin yau da kullum. Littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Ana yawan cewa ranar ce aka fara kiran tangarɗar na'ura da bug, wato ƙwaro a Turanci, amma injiniyoyi suna faɗin haka tun zamanin Thomas Edison. Hopper dai ta riƙa ba da labarin har ya bazu.

Sauƙaƙa rubuta manhaja

Ta lura cewa kurakurai da dama wajen kwafar lambobi da hannu suke shigowa. Bayan ta koma kamfanin da ya ƙera UNIVAC a 1949, ta samar da A-0 a 1952, manhajar da ke tattaro guntayen umarnin da aka riga aka gwada ta haɗa su da kanta. Daga nan ta jagoranci FLOW-MATIC, wanda ake rubutawa da kalmomin Turanci, kuma shi ya zama ginshiƙin harshen COBOL a 1959.

Ritaya da mutuwa

Ta yi ritaya a 1986 da muƙamin riya admiral, tana da shekara 79. Ta mutu a Arlington, jihar Virginia, aka binne ta a maƙabartar sojoji da ke can.